Shekarar da Na Karɓe Kan Burtu

Hoton nan da ke rataye a falonmu, na gauraki biyu da suka buɗe fukafukai suka tashi daga cikin ciyawa, kun girma kuna nuna shi ga duk baƙon da ya shigo gidan nan. Na sha jin ku ta bayan labule kuna cewa babanmu ne ya ɗauka, a daji, da hannunsa. Ba ƙarya kuka yi ba, ni na ɗauka. Amma akwai abin da ba ku sani ba game da shi, kuma tunda yanzu sai na nisanta takarda da fuskata kafin in iya karantawa, gara in rubuta muku tun ina ganin layi. Mutum ɗaya ne bayan ni ya san zancen, shi kuwa ko za a shekara ana tambayarsa ba zai faɗa ba.

Kakanku maharbi ne a ƙauyenmu da ke arewa da Barmu. Cikin kayan farautarsa akwai kan burtu. Ga waɗanda ba su taɓa ganin an sa shi ba a cikinku, kan tsuntsun ne na gaske da dogon baƙin bakinsa, a busar da shi, a kafa a kan lanƙwasasshen icce, a naɗe da fata. Maharbi zai ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana saran ƙasa da bakin kamar mai kiwo. Namun daji da tsuntsaye sun saba da burtu, ba sa gudunsa, don haka maharbi yakan isa inda kibiyarsa za ta kai. Mu biyu ne ƴaƴansa maza, ni babba, sai baffanku Sahabi da na girma da shekara bakwai. Ina tuna Baba yana koya mana tafiyar a bayan gida, ni ina hamma ina jiran a sallame ni, Sahabi kuwa, ɗan mitsitsi da shi, yana biye da shi a kan gwiwa. Abin da Baba ya fi maimaitawa shi ne:

"Kada ka nuhi nama kai tsaye. Ka yi kiwonka, ka karkace, ka ba shi baya, ka dawo. Sa'ad da kan nuhe shi, ya san mutum na."

Na ji da kunne ɗaya. Ni hankalina yana birni, kuma ina da shekara goma sha biyar aka kai ni Tawa koyon hoto. Da Baba ya rasu, aka yi yadda ake yi a gidajen maharba: baka da kwari da kan burtu na babban ɗa ne. Aka miƙo mini, na zuba a buhu, na jefa a ɗakin ajiya na shago, ban sake tunawa da su ba. Shekara talatin ina sana'ata. Biki, suna, hoton katin shaida, hoton masu niyyar aikin hajji, yaran da suka ci jarrabawa. In ka shiga gidajen unguwarmu ka ɗaga hoton da ke bango, tambarin shagona za ka gani a bayansa. Ba alfahari nake yi ba, ko kuma in faɗi gaskiya, alfaharin nake yi, don halina ne kuma kun san ni da shi.

Sai wayoyi masu ɗaukar hoto suka cika gari. Amarya ta daina zuwa shago, ƙawarta ce mai hotonta. Na koma zaman benci ina korar ƙuda, ina jiran mai neman hoton kati. A daidai wannan lokaci ne Sahabi, wanda sana'arsa sayar da maganin dabbobi ce a kasuwannin ƙauye, yau Barmu, gobe Kalfu, jibi Tebaram, a kan tsohon babur ɗinsa, ya shigo shago ya ga wata tsohuwar kyamara da na yar a kwali, bayanta a tsage an ɗaure da roba. Ya ce in ara masa. Na ce ya ɗauka. Bayan wata biyu ya sake dawowa yana sosa ƙeya.

"Yaya, kan burtun Baba yana nan?"

"Mi za ka yi da shi? Hwarauta ka koma da tsuhwanka?"

"A'a. Tsuntsaye nika son ɗauka. Ba su bari in matso."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce masa tsuntsu ba ya biyan kuɗin hoto, ba ya kuma aiko da goron biki. Na nuna masa buhun da ƙafa, ya kakkaɓe ya tafi da shi.

A lokacin akwai wani malamin makarantar sakandare da ya tara ɗalibai, duk safiyar Lahadi su zagaya gari da madubin hangen nesa guda ɗaya suna karɓa-karɓa. Su je bakin tabkin gari su kalli zalɓe da kirinjijiya, su bi ta mahauta inda balbela da shirwa ke taruwa, in damina ta gabato su bi unguwa-unguwa suna duba bishiyoyin da shamuwa ta yi sheƙa. Mutane na yi musu kallon marasa aikin yi, ni ma haka. Sahabi ya shiga cikinsu, kuma ba a jima ba ya zama shi ne ake tambaya, don malamin sunayen littafi ya sani, shi kuwa Sahabi ya san abin da tsuntsun ke ci da inda yake kwana da kukan da yake yi in ya ga maciji. Wata rana malamin ya zo shagona da hotunan da Sahabi ya ɗauka a ɗan katin kyamara, ya ce in wanke masa manya-manya, za su rataye a zauren matasa mutane su zo kallo. Na sa katin a na'ura ina shirin gyara masa kurakurai.

Ƴaƴana, ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Ga cilakowa namiji a bakin kogon icce yana miƙa wa matarsa fara ta ƴar kafar da suka bari bayan sun liƙe kogon. Ga zalɓe da kifi a baki, ɗigon ruwa bai kai ƙasa ba. Ga gauraki biyu suna rawa, ɗaya ya yi tsalle, tukkun kansa ya kama hasken rana kamar an kunna shi. Ni na san wannan kyamara, na san ba ta jawo nesa, ni na yar da ita. In ta ɗauki idon tsuntsu haka, to mai ita yana cikin taku goma da tsuntsun. Na zauna ina neman aibi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ban samu ba. Duk da haka na ce wa malamin hasken bai yi ba, sai na gyara. Ban gyara komai ba, don babu abin gyarawa. Da hannuna na wanke su, da hannuna na sa su a firam, kuma kafin a zo ɗauka na jingine su a bakin shago don su sha iska, sai ga mutanen da suka shekara ba su tsaya wurina ba sun yi cincirindo. Kowa tambayarsa ɗaya, Alhaji kai ka ɗauka? Ni kuwa dole in buɗe baki in ce ƙanena ne. Kowace amsa sai na ji kamar ana zare mini haƙori.

Hassada ce, ba sai na sa mata wani suna ba. Ina kwana da ita ina tashi da ita. In na ji shamuwa na kaɗa baki a kan tsamiyar maƙwabta sai raina ya ɓaci, kamar ita ma ta Sahabi ce. Ke Rakiya, ba za ki tuna ba, amma kin sa hoton rawar gaurakin a fuskar wayarki, kina nuna mini kina cewa Baba dubi aikin Baffa. Na ce ya yi kyau, na tashi na bar tuwona. Abin da ya ƙarasa ni kuwa daga bakin kakarku Inna ya fito, ranar wata Juma'a da muka taru cin abinci a ɗakinta kamar kullum. An kawo mata hoton, ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce:

"Wanga idon ubanku na. Sahabi yaɗ ɗauko shi duka."

Na ce, cikin wasa wai, "To ni fa, Inna?"

"Kai hancinai kaɗ ɗauko. Shi ma gado na."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da ni. Uwarku Hadiza ce kaɗai ba ta yi ba, don ta san irin dariyar da nake yi in abu ya soke ni. Da muka koma gida ta ce, tana naɗe tabarma ba ta ko dube ni ba:

"Malam, ƙanenka na fa. In an yabe shi, gidanku aka yaba."

Na ce mata wa ya ce wani abu? Ta ci gaba da aikinta.

Da damina ta yi tsaka, Sahabi ya zo shago da la'asar, ya ja benci kusa da ni, ya rage murya kamar mai zancen aure. Ya ce gaurakin nan na hoto, shekara uku yana bin su a wata fadama gaba da ƙauyenmu. Tun muna yara ake cewa gauraki sun ƙaura daga ƙasarmu, waɗannan biyun ne kaɗai ya sani. Bana sun yi sheƙa a tsakiyar ciyawa cikin ruwa, ƙwai biyu. Kullum in ya taso daga kasuwa sai ya bi ta can da kan burtu, har sun saba, macen takan ci gaba da kwanci yana kiwo kusa da ita. A lissafinsa saura kamar kwana goma su ƙyanƙyashe. Bai gaya wa kowa wurin ba, ko malamin, don tsoron masu kama ƴaƴan gauraki su kai gidajen masu hali. Ni ya gaya wa. Ya kwatanta mini hanya dalla-dalla, gawon da yake ajiye babur a gindinsa, da gefen da ruwa bai da zurfi. Abin da ya kawo shi, yana son in ara masa dogon gilashin kyamarata, don kada ya matsa musu ranar ƙyanƙyasa. Na ce zan duba.

Na duba ɗin. Kwana biyu ina dubawa, ina ganin hoton da zai ɗauko, ɗan gauraka jiƙe yana fitowa daga ƙwai, da gilashina, da kan burtun da yake nawa, mutane kuma su sake taruwa a bakin shagona su tambaye ni. Ranar Juma'a, a gaban Inna, bayan an ɗauke kwanuka, na gyara murya na ce ina son kayan Baba su dawo hannuna. Sahabi ya ɗago kai.

"Yaya, bar mini kwana goma ɗai."

"Gadona na. Aro nib ba ka. Ko ba haka ba, Inna?"

Na san abin da na yi da na jawo ta ciki. Inna ba za ta iya cewa kayan maharbi ba na babban ɗa ba ne, ita ta miƙo mini su da hannunta ranar sadakar bakwai. Ta dube ni, ta dubi Sahabi, ta ce a hankali haka ne, nasa ne. Ta juya ta kama jan carbinta. Kafin magariba Sahabi ya kawo kan burtun gida, a naɗe cikin baƙin zane. Ya sake masa fata sabuwa, ya shafa masa mai, abin har ƙyalli yake. Ya tsaya a zaure ya ce:

"In za ka tahi, shigo ta gabas da hantsi. Kada ka nuhe su. In macen ta miƙe wuya, ba ta baya ka yi kiwo har ta sauke. Ko yini guda za ka yi, yi."

Ko wannan ya ba ni haushi. Na ƙwace masa abu, shi kuma yana koya mini yadda zan ci moriyarsa. Na ce masa tun ba a haife shi ba nake ganin Baba na yi.

Bayan kwana biyar na ɗauki babur da sassafe na kama hanyar arewa. Na sami gawon, na ɗaura kan burtu, na lulluɓa, na durƙusa. Ba a yi taku ashirin ba na gane shekara talatin a kan kujerar shago ba ta bar mini gwiwa ba. Tumbi ya tokare ni, ƙarangiya ta cika mini hannu, zufa na shiga ido a ƙarƙashin zanen, laka na tsotse mini ƙafa. Amma na gan su. Namijin na tsaye yana gadi, macen na kwance, kuma wallahi sun fi yadda hoto ke nuna su kyau. Na yi kiwon na ɗan lokaci, na karkace, na dawo. Sai macen ta miƙe wuya. Na tuna maganar Sahabi sarai, na tuna ta Baba. Amma hadari na tasowa zai rufe mini haske, gwiwata na ci da wuta, kuma daga inda nake dogon gilashina ya isa ya ɗauki komai. Abin da ya hana ni tsayawa a nan shi ne tunanin cewa Sahabi ya fi haka matsowa. Na nufe su kai tsaye. Da na zo ɗaga kyamara, iccen burtun ya tokare ta, sai na ture shi gefe, na miƙe a kan gwiwa da fuskata ta mutum a fili.

Suka tashi da wani kuka da har yau nake ji. Hannun sana'a bai ci amanata ba, na danna. Suka yi sama suka nufi yamma suna kuka, ba su ko kewayo ba. Hankaki biyu da ke kan wani icce tun zuwana, waɗanda ban ko kula da su ba, suka sauko kafin in tattara zanen. Na yi ihu, na ruga, laka ta kayar da ni. Da na isa, ƙwai ɗaya babu shi, ɗayan a fashe. Abin da ke ciki ya riga ya zama tsuntsu, da ƙafafu da baki, yana ɗan motsi. Na tsaya a kansa da kan burtun Baba a rataye a wuyana har motsin ya tsaya.

A shago na sa katin a na'ura, sai ga hoton da ya fi duk abin da na ɗauka a rayuwata. Fukafukai a buɗe, ruwa na zuba daga ƙafafu, baƙin hadari a baya. A kusurwar ƙasa ta hagu kuwa ga sheƙa da ƙwai biyu, ga fiffiken hankaka ya shigo. Na yanke wannan gefen. Na wanke shi babba, na kafa a bakin shago. Aka taru. Malamin ya zo ya riƙe baki, ya ce ashe gidan duka haka yake, ya roƙa a kai shi zauren matasa, aka sa shi a tsakiya, na Sahabi a gefe. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Duk wanda ya tambaya wa ya ɗauka, na ce ni, kuma kalmar ta yi mini zaƙi a baki.

Rana ta uku Sahabi ya zo, ƙafar wandonsa da busasshiyar laka. Ya daɗe a gaban hoton, hannu a baya. Ya jira mutane suka ragu.

"Ya yi kyau, Yaya."

Na ce to madalla.

"Amma ba rawa suka yi ba nan. Dubi bakinsu. Kuka na." Ya nuna gefen firam ɗin da yatsa. "Kyamararka ba ta ɗaukar hoto gajere haka. Ina sauran?"

Bai jira amsa ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da tsohuwar kyamarar nan mai ɗaurin roba, ya goge ta da hannun riga, ya ajiye a kan teburina.

"Ita ma aro ta," in ji shi. Ya yi mini sallama ya fita.

Gaurakin ba su dawo ba. Na sani, don damina biyar a jere ana gaya mini an ga babur ɗinsa a gindin gawon nan. Bai sake ɗaukar hoto ba. Da Inna ta tambaye shi dalili, a gabana, ya ce idonsa ne ke ruwa in ya leƙa kyamara. Ta dube ni, ni na dubi tabarma. Ba mu yi faɗa ba, kun gani da idonku, yana zuwa sunanku da bikinku, tare muka ɗauki makarar Inna. Sai dai tun daga ranar bai sake ambaton tsuntsu a gabana ba. In muna zaune shamuwar farko ta shekara ta wuce, ina ganin idonsa ya bi ta, sannan ya dawo da shi ya tambaye ni lafiyar gwiwa. Kuma kada ku ɗauka hassadar ta mutu a fadamar nan. Ta canza wurin zama ne kawai. Na koma ina ƙyashin yadda ya iya rufa mini asiri ba tare da ya nuna yana yi ba. Har yau in jikokina sun tsinci gashin tsuntsu a tsakar gida, wucewa suke yi ta gabana su kai wa Baffa Sahabi ya faɗa musu mai shi, ni da hotona ke rataye a kansu.

Kai Nasiru, kai ne babba, bisa al'ada kan burtun naka ne bayana. Ka yafe mini, na cire shi daga gadonka. Makon jiya na ciro shi daga akwati na kai wa baffanku da kaina. Na same shi a ƙofar gida yana gyara ƙafar kujera. Ya warware zanen, asu ya ci fatar, bakin ya tsage. Ya shafa shi, ya ɗaura a goshi, ya dafa bango zai durƙusa, gwiwa ta ƙi. Ya zauna yana haki yana dariya.

"Yaya, kwana goma nir roƙe ka. Yanzu wurin wa za ni da shi?"

Babu ɗaci a dariyar, na saurara da kyau ina nema, ban ji ba. Da akwai, da na fi samun sauƙi.

Da na dawo na kunna tsohuwar na'ura na wanke hoton yadda kyamara ta ɗauke shi, ba yanka. Shi ne kuka ga na canza jiya kuna tambaya me ya sami firam ɗin. Ku bar shi a nan inda yake. In baƙo ya zo ya tambaya, ku ce babanku ne ya ɗauka, sannan ku nuna masa kusurwar ƙasa ta hagu.